Kawu Mudi da Ruwan da Ya Yi Zakka

Duk wanda ya san Kawu Mudi ya san jan biron nan da yake sokewa a gefen hula, ya kuma san maganar da take biyo baya in ya zare shi: "Ba haka nan yac ce ba." Ko a gidan biki ne, ko a layin ganin likita, ko ana tsaka da zaman makoki, muddin wani ya ɗauko baiti ɗaya na tsofaffin mawaƙan Kabi ya karkata shi, sai Kawu ya miƙa wuya ya faɗe ta. Ya yi shekaru yana koyarwa a firamare. Da ya yi ritaya sai ya mai da Birnin Kebbi da Argungu gaba ɗaya ajinsa, mu duka muka koma 'yan aji uku.

Ni ce Rabi, 'yar ƙanwarsa, mai shagon buga takardu a unguwar Nasarawa. Ni na buga masa littafin da ya ƙarar da rayuwarsa a kai, tarihin makaɗan bakin gulbi, tun daga masu kiɗan noma har zuwa marigayi Nomau Ɗangora, mawaƙin masunta, wanda shi kaɗai ya cinye rabin littafin. Gara in faɗa muku tun yanzu, raina a ɓace na zauna rubuta wannan. Da yawanku kun samu katin gayyatar ƙaddamar da littafin ranar Asabar, na ji wasu har sun kai ɗinki. To ku dakata ku ji abin da aka so a ƙaddamar da sunan bawan Allahn nan. Amma bari in fara tuna muku wane ne aka taɓa, don na lura wasu sun manta da wuri.

Kun tuna ranar da ya sauka daga motar Argungu? Wata 'yar kasuwa Bayarabiya da ke kawo mini rasit in buga mata, ita ce ta zauna kusa da shi, ita ta ba ni labari. Direba ya kunna waƙar Nomau yana bi yana dukan sitiyari. Inda Nomau ya ce mai gora ba shi tsoron zurhi, wato masunci ba ya tsoron zurfi, sai direba ya ce ba shi tsoron sanyi. Kawu yana can baya, buhun albasa ya danne masa gwiwa.

"Direba, ba haka nan yac ce ba. Zurhi yac ce."

"Baba, ai dut ɗaya na, ruwa na dai."

"In dut ɗaya na, gobe ka zuba ma motarka man gyaɗa, shi ma mai na."

Direba ya ji haushi mutane sun yi masa dariya, ya mai da waƙar baya, ya sake faɗin sanyi da ƙarfi. Kawu ya ce a tsaya ya sauka, shi ba ya zama motar maƙaryaci. Aka ba shi haƙuri, ya ƙi. Suka sauke shi gaba da Ambursa da rana tsaka, tsoho mai ciwon gwiwa, sai da wata tarakta mai ɗaukar shinkafa ta tausaya masa. Bayan sati ya je tasha ya nemo direban, ya miƙa masa waƙar a rubuce tun daga farko har ƙarshe, ya ja wa zurhi layi biyu da jan biro. Har yau in direban nan ya zo kan wannan baitin, shiru yake yi ya bar Nomau ya faɗa da kansa.

Sai kuma wani biki a unguwar Badariya, wanda na gani da idona. An ɗauko mawaƙin zamani da fiyanonsa, ya ɗauki muryar wata waƙar Nomau cif, ya cire gora da homa, kayan kamun kifin masunta, ya zuba sunan amarya. Mata suna ta rawa. Kawai sai ga Kawu ya tashi, hannu a aljihu, ya nufi fili. Aka zuba masa ido, don kowa ya san mutumin da yake shanya batiran rediyo a rana su ƙara kwana biyu ba mai liƙi ba ne. Har taku biyu ya yi na rawa. Ya isa gaban mawaƙi ya manna masa takarda a goshi, gumi ya riƙe ta. Mawaƙi ido rufe ya fara, Alhaji Mudi ya yi liƙi, Alhaji Mudi ikon Allah. Da ya ɓamɓaro takardar sai ya ga rubutu: "Wagga murya ta Nomau ta. Hwaɗi sunanai."

Kawu ya harɗe hannu ya tsaya. Da yaro ya ga tsohon ba shi da niyyar gusawa, sai ya ce a lasifika, "Allah ya jiƙan Nomau Ɗangora."

"Da 'yan amshinai huɗu," in ji Kawu.

"Da 'yan amshinsa huɗu."

Sai Kawu ya miƙa hannu ya karɓe takardarsa, ya goge gumin a riga ya mai da aljihu. Na tambaye shi me zai yi da ita, ya ce bayanta bai da rubutu.

Ai kun san shi da takarda. Littafin nan duk a bayan tsofaffin takardun jarrabawar ɗalibansa ya rubuta shi. Ina cikin buga tarihin wani makaɗin kalangu, in juya shafi in ga wani Bala ya ci biyu cikin goma a lissafi. Wasu daga cikin masu manyan riguna da za su zauna a babban teburi ranar Asabar, na san abin da suka ci a aji huɗu, kuma takardun suna nan a hannuna.

Maganar 'yan amshin nan kuwa ba wasa yake yi da ita ba. A wani tsohon kaset na Nomau akwai inda wani ya yi tari, bayan tarin sai wata murya daban ta shigo da baitin da kowa ya fi sani:

Ruwa ya zaka, Nomau ya zaka,
Mai gora tashi ɗauki homa.

Kawu ya dage wannan ba muryar Nomau ba ce, ta mai tarin ce, kuma sai ya san sunansa. Ya riƙa zuwa Argungu da rikodarsa, yana bin tsofaffi a kasuwa yana kunna musu tarin, yana cewa, "Wa ad da tarin ga?" Wasu suka ɗauka mai magani ne, har wata ta kawo masa jikanta ya duba masa ƙirji. Mu nan gida kunya ta ishe mu. Ni kaina na ce masa, "Kawu, don Allah ka bar yawo da tari a gari." Ya ce in na gaji da zama 'yar ƙanwarsa in rubuto a takarda.

A zuwa na sha ɗaya wata tsohuwa mai kifi banda ta saurara, ta ce a sake, aka sake. Ta ce, "Wanga tarin Tunau na. Shina nan bayan kasuwa shina ɗunkin homa." Haka Kawu ya samo Baba Tunau, na ƙarshe da ya rage cikin 'yan amshin Nomau, yana gyaran ragar kamun kifi a inuwar darbejiya. Ya tabbatar masa shi ya yi baitin. Ranar maƙogwaron Nomau ya bushe, shi kuma ya ga ruwa ya taho, sai ya cike gurbin da abin da ya gani. Tun daga ranar babu wanda ya taɓa tambayarsa. Kawu ya ba shi babi guda sukutum, ya kuma jera sunan kowane ɗan amshi da kowane makaɗi a ƙarshen littafin, har da wanda aikinsa ɗaukar ganguna ne kawai.

Yanzu sai nawa abin kunyar, wanda ban taɓa faɗa a fili ba. Ni a Kano na tashi, can aka auri mahaifiyata, aure ne ya dawo da ni Kebbi. Shi ya sa Kawu bai taɓa kirana Rabi ba, sai Bakanuwa. Da na zo buga baitin nan na Baba Tunau, ban san zaka a bakin mutanen nan yana nufin zo ba. Na ɗauka tsufa ne ya sa Kawu ya ci harafi. Ni mai ilimi, sai na taimaka masa na gyara: ruwa ya yi zakka, Nomau ya yi zakka. Har daɗi na ji.

Ya zo shago da hantsi ya karɓi shafin. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Na ga hannu ya tafi gefen hula.

"Bakanuwa, yaushe gulbi yak kai nisabi?"

"Kawu, ai na ga kamar..."

"Nomau da bai taɓa mallakar akuya ba, zakkar mi za shi hiddawa? Zaka. Ya zo. Ka guda, ba biyu ba."

Harafin ka yake nufi. Wata guda cur, in ya shigo shagona gaban kwastomomi, gaisuwarsa ita ce, "Mai zakka, an hidda ta bana?" Na fusata na ce na daina bugawa, ya nemi wani. Ya kawo kujerarsa ya zauna a ƙofar shagon kwana uku, duk wanda ya zo sai ya ba shi labarin gulbin da ya yi zakka. A rana ta uku na fito na ce ya shigo mu ci gaba. Da muka zauna sai ya daina dariya, ya ce, "Ɗiyata, mutanen ga sun mutu ba su bar gida ba, ba su bar gona ba, bakinsu kaɗai sunka bari. In kin gyara musu baki, mi yar rage?" Daga ranar ko waƙafi ban ƙara taɓawa ba sai na tambaya.

To ga abin da ya ɓata mini rai. Kawu ya rasu littafin yana kammale a kwamfutata, ba a kai shi maɗaba'a ba. Ana zaman makoki sai ga tsofaffin ɗalibansa sun zo da shugabansu, Alhaji Sani na Gesse, suka ce sun kafa kwamiti, su za su buga littafin malaminsu. Ina cikin kuka na ji daɗi, na ɗauki filashi na ba su. Waɗannan fa su ne mutanen da in sun hango Kawu da jakar takardunsa suke canza hanya. Shekara nawa yana bin ofisoshinsu, ana ce masa oga yana mitin. Ban tuna da wannan ba a lokacin, laifina ne.

Suka kai wa wani Dakta daga wata jami'a mai nisa ya tace. Ranar Alhamis da ta wuce aka aiko mini da samfurin a shago, wai in sa albarka. Na buɗe. Duk inda mawaƙi ya ce munka an mai da shi muka. Zurhin da Kawu ya yi tafiyar ƙasa a kansa ya koma zurfi. Babin Baba Tunau babu shi. Sunayen 'yan amshi babu su, an cike wurin da hotunan 'yan kwamiti, kowa ya sha rawani ko ya karkata hula. Sannan na zo shafin baitin nan. Ruwa ya yi zakka, Nomau ya yi zakka. A ƙarƙashinsa Dakta ya yi sharhi shafi biyu, wai mawaƙin yana nuna zurfin tauhidin masunta, gulbi yana fitar da zakkarsa ta kifi ga talakawa, mawaƙi kuma yana fitar da tasa ta baki. Na yi dariya har hawaye, daga nan na rufe shago na yi kuka na gaske. Kuskurena ne sak, sai dai ni ban sa masa sharhi ba.

Da safe na hau motar Argungu na je bayan kasuwa. Baba Tunau bai tambaye ni dogon bayani ba. Ya ce, "Malam Mudi anka taɓa? Ɗauko mani sandata." Ranar Lahadi muka shiga falon Alhaji Sani, kwamiti ya cika, ana shan lemo. Aka dubi tsohon da tsohuwar rigarsa, wani ya nuna masa tabarmar bakin ƙofa. Na ja masa kujera kusa da Dakta.

Dakta ya tashi ya karanta sharhinsa, ana gyaɗa kai ana cewa ma sha Allah. Da ya gama na ce ina da magana. Na ce zaka ne, ba zakka ba, kuma duk abin da aka cire a mai da shi.

"Hajiya, da daidaitacciyar Hausa ake buga littafi," in ji Dakta. "Wannan gyara ne na ilimi."

Na ce, "Baba Tunau, don Allah yi musu baitin."

Tsohon ya gyara zama, ya yi tari. Wallahi tarin nan ne na cikin kaset, shekaru ba su canza shi ba. Ya rera baitin da 'yar muryarsa da ta rage, sannan ya dubi Dakta.

"Ɗana, ni niy yi shi. Ruwa nig gani ya taho, nic ce ya zaka. Wanga dogon wa'azi da kak karanta, ni ban san shi ba."

Dakta ya juyo gare ni ya tambaya wane ne wannan dattijo. Na ce shi ne babin da ka cire.

Sai Alhaji Sani ya yi gyaran murya ya ce kati ya riga ya fita, an kama ɗakin taro, manyan baƙi sun amsa, ba za a iya sake komai kafin Asabar ba. Ya ƙara da cewa, "Rabi, ki yi hanƙuri. Harahi guda na. Shi Malam ai ba gani za shi yi ba."

Wannan maganar ce ta tunzura ni. Mutumin da ya koya maka riƙe fensir, ya yi zuwa sha ɗaya don sunan mai tari, kai ka ce harafi guda ne don ƙasa ta rufe masa ido. Ban san lokacin da hannuna ya shiga jaka ba. Jan biron Kawu ne, shi kaɗai na roƙa cikin kayansa. Na zare shi, na ja samfurin gabana, na soke zakka da layi biyu, na ji bakina yana cewa da Kabancin da ban taɓa iyawa ba, "Ba haka nan yac ce ba."

Wani daga cikinsu ya tuntsire da dariya, sai dariyar ta sarƙe shi ya rufe fuska da hula. Wani ya miƙe tsaye ba tare da ya sani ba, kamar malami ya shigo aji. Na tattara samfurin na sa a jaka, na ce iyalin Kawu sun janye izini, na riga na yi magana da 'ya'yansa. Na kama hannun Baba Tunau muka fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗauki lemonsa da bai sha ba.

Don haka babu ƙaddamarwa ranar Asabar. Masu ɗinki ku adana na sallah. Littafin zai fito yadda ya rubuta shi, da munka da sunka, da babin Baba Tunau, da sunan mai ɗaukar ganguna, ko da a injin shagona zan buga shi in ɗinke da zare. Don adalci zan faɗa, Dakta ya kira ni jiya ya ce ko zan bar shi ya saurari kaset ɗin, kuma ko Baba Tunau zai yarda ya ziyarce shi. Na ce ya zo da kujerarsa. Alhaji Sani kuwa har yanzu bai amsa gaisuwata ba, ni ma ban matsa ba. Ya ci uku cikin goma a Hausa, takardar tana bayan babi na biyar.

Ranar da Kawu zai rasu ina gefen gadonsa a asibiti, bayan azahar. Ya buɗe ido ya ce a hankali, "Lokaci ya zaka." Sai ya ɗaga yatsa ɗaya. Mazan da ke wurin suka fara salati, suna cewa ma sha Allah, ya ɗaga yatsan shahada. Shahadar ya yi ta daga baya, na ji da kunnena. Amma a wannan lokacin ni yake kallo. Na sunkuya, ya ce, "Ka guda, Bakanuwa." Ina kuka ina dariya, na ce na ji, Kawu.

Allah ya jiƙan Kawu Mudi, ya yafe masa kurakuransa yadda shi bai taɓa yafe mana namu na rubutu ba. Allah ya jiƙan Nomau da 'yan amshinsa uku da suka riga mu, ya ƙara wa Baba Tunau lafiya ya riƙe littafin a hannunsa a karanta masa sunansa. Yadda Kawu bai bar sunan kowa ya faɗi ba, ya Allah kada ka bar nasa ya faɗi ranar da za a kira bayinka na gari. Rahamarka ta zaka masa har cikin kabari.

Ka guda na rubuta, Kawu.